Wane rukunin shaguna ya kamata baƙo ya nufa a babban birni?

Abban Sadiya:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce ga waɗanda suka san harkar. Mutum ya sauka a babban birni, ko Dubai, ko Istanbul, ko Landan, ko wani wuri makamancin haka, kwanakinsa ba su da yawa, ga jerin saƙonni a aljihu. Kowa ka tambaya sai ya ce je ka mol kaza, wato katafaren rukunin shaguna, ai shi ne mafi girma. To girma shi ne ma'auni? Ta yaya ake zaɓen wanda za a je, kuma me ya kamata a sani kafin a shiga?

Ɗan Tireda:
Wa alaikumus salam. Girma ba ma'auni ba ne, sai in kallo ne ya kai ka. Ka fara tambayar kanka, sayen ɗai-ɗai za ka yi ko sari? Domin waɗannan katafaren gine-ginen masu ƙyalli ba wurin sari ba ne ko kaɗan. Kuɗin hayar shago a ciki, da kuɗin sanyaya wurin, da na masu gadi da masu shara, duk a kan farashin kaya ake ɗora su, kai ne kuma za ka biya.

A Dubai, Dubai Mall da aka buɗe a 2008 yana da shaguna sama da 1,200, ga tankin kifaye, ga filin wasan ƙanƙara, ga Burj Khalifa a gefensa. Wannan na kallo ne da sayen kayan manyan kamfanoni. Mai neman kayan Sin masu sauƙi Dragon Mart zai nufa, mai neman zinare da turare da yadi kuma kasuwannin Deira. A Istanbul ma haka abin yake. Cevahir da ke unguwar Shishli mol ne na farashi ɗaya, babu taya babu albarka, amma dillalan tufafi suna Laleli da Merter da Osmanbey. A Bangkok, Siam Paragon na masu hali ne, MBK na waya da ƙananan kaya, ana kuma ɗan yin ciniki, Platinum kuwa a unguwar Pratunam na tufafi ne, farashi na sauka in ka ɗebi guda uku ko fiye. Kowane birni da irin wannan rabon nasa, kuma shi ya kamata baƙo ya fara ganowa tun kafin ya sa takalmi.

Injiniya:
Bari in ƙara ta ɓangaren gini, don wanda ya fahimci yadda ake tsara wurin ba zai sha wahala ba. Rufaffen mol mai na'urar sanyaya wuri irin wanda muka sani yau ya samo asali ne daga Southdale Center a jihar Minnesota ta Amurka, wanda aka buɗe a 1956. Wanda ya zana shi, Victor Gruen, ɗan asalin Ostiriya ne. Tsarin da aka gada daga nan shi ne a ajiye manyan kantuna masu jan jama'a a ƙarshe da ƙarshe, a jera ƙananan shaguna a tsakaninsu. In kana son zuwa daga babban kantin abinci zuwa babban kantin tufafi, dole ka ratsa gaban shaguna hamsin da ba ka zo don su ba.

Da gangan ake yin haka. Dandalin abinci da sinima galibi a hawa na ƙarshe suke, don ka bi ta kowane hawa kafin ka kai. Matattakalar lantarki mai hawa da mai sauka sau da yawa ba sa kusa da juna, ko kuma in ka hau ɗaya sai ka zagaya kafin ka tarar da ta gaba. Tagogi da agogon bango kaɗan ne, saboda haka ba ka ganin rana na faɗuwa. Masana har suna suka ba wannan ruɗewa da ke kama mutum ya manta abin da ya kawo shi, suna danganta ta da Gruen ɗin, duk da cewa shi kansa ya nesanta kansa daga abin da mol ya koma a ƙarshen rayuwarsa.

Maganin abin a aikace: tun daga masauki ka buɗe taswirar wurin a shafinsu, ka rubuta hawa da lambar kowane shago da kake so, ka jera su daga na sama zuwa na ƙasa. Ka hau lif kai tsaye zuwa na sama, ka riƙa saukowa. Kaya masu nauyi su zama na ƙarshe, kusa da ƙofar da za ka fita.

Maman Khalifa:
Injiniya Allah ya saka da alheri. Ƙofa ɗin nan da ka ambata a ja mata layi. Babban mol na iya samun ƙofofi goma ko fiye, kuma mai tasi zai sauke ka inda ya fi masa sauƙi ne, ba inda ya fi maka ba. Wanda ya je Dubai Mall ta jirgin metiro ya sani cewa daga tashar zuwa cikin ginin akwai rufaffiyar gada mai tsawon sama da mita 800. Akwai sanyi, akwai bel mai tafiya da mutum, amma da yara da jakunkuna a dawowa ba wasa ba ne. A je da jirgi hannu sake, a dawo da tasi in kaya sun yi yawa. Mall of the Emirates kuwa tasharsa a manne take da shi.

Wanda ya zo da mota ya ɗauki hoton ginshiƙin da ya yi fakin a jikinsa, wanda ke nuna launi da harafi da lamba, sannan ya ɗauki hoton shagon farko da ya gani bayan ya shigo daga wurin ajiye motocin. Hoto na biyun nan shi ya fi amfani, don a cikin gini ake ɓacewa, ba a wajen motoci ba.

Abban Sadiya:
Madalla. To batun lokaci fa? Wace rana ce ta fi?

Maman Khalifa:
Ranar aiki, awa biyun farko bayan an buɗe, galibi ƙarfe 10 na safe zuwa 12. Ɗakin gwajin kaya babu layi, masu shago ba su gaji ba, girman da kake nema bai ƙare ba. Sai dai ka san ranakun hutun birnin. Dubai ta koma hutun Asabar da Lahadi tun Janairun 2022, Saudiyya kuwa Juma'a da Asabar ce. A Jamus shaguna a rufe suke ranar Lahadi, in ban da na tashoshin jirgi. A Ingila dokar 1994 ta ba manyan kantuna awa shida kacal ranar Lahadi, tsakanin 10 na safe da 6 na yamma, shi ya sa wanda ya isa mol ɗin Westfield na Landan da magariba ranar Lahadi zai tarar ana jan ƙofofi. Babbar rufaffiyar kasuwar Istanbul, wadda aka fara ginawa zamanin Sultan Muhammad Al-Fatih, mai shaguna kusan 4,000, ita ma ba ta ci ranar Lahadi, alhali mol-mol na birnin suna buɗe.

Kawu:
Ni fa ban yarda da wannan tsoratarwar ta Ɗan Tireda ba. Ana ta cewa mol tsada, kasuwa araha. Baƙon da bai san gari ba, bai jin yaren, bai san farashi ba, wa ya ce zai ci riba a kasuwa? A mol farashi a rubuce yake, rasit da sunan kamfani, kayan na asali ne, in ya lalace akwai inda za ka koma. A kasuwa ana ganin fuskarka za a ninka maka sau uku, ka yi ta taya har ka gaji, ka tafi kana murna alhali an ci ka. Araha ba ta ado.

Ɗan Tireda:
Kawu ranka ya daɗe, ba musu nake da kai a nan ba. Takalmi biyu da agogo ɗaya, mol ya fi. Dozin ashirin na riguna, wanda ya saya a mol ya ƙona jarinsa. Kuma akwai hanyar haɗa biyun: ka fara shiga mol ka ga farashin abin a rubuce, ka taɓa shi ka san ingancinsa, sannan ka shiga kasuwa da wannan ma'aunin a kanka. Wanda ya san farashin kanti ba a ninka masa.

Amma gyara ɗaya a maganarka. “Akwai inda za ka koma” ba ko'ina ba. A Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai, damar kwana 14 ta mayar da kaya don kawai ka canza ra'ayi ta sayen intanet ce. Abin da ka saya a cikin shago da hannunka, in ba shi da aibi, karɓarsa alfarma ce ta kantin. Wasu su mayar da kuɗi, wasu su ba ka takardar sayen wani abu a wurinsu, wadda ba ta da amfani ga wanda jirginsa zai tashi jibi. A karanta bayan rasit tun ana gaban mai karɓar kuɗi, kada kuma a cire tambarin jikin kaya sai an tabbata.

Kawu:
Na karɓi gyara. To kantunan rangwame da ake ginawa a bayan gari fa, irin Bicester Village da ake shiga jirgi daga Landan? Wasu na rantsuwa da su.

Ɗan Tireda:
Kaya iri biyu ne a irin waɗannan wuraren. Akwai ragowar bara da aka kwaso daga manyan shaguna, wannan rangwamen gaske ne, sai dai girma da launi abin da ya rage ne. Akwai kuma wanda aka ɗinka musamman don kantin rangwamen, bai taɓa shiga babban shago ba. Sunan kamfanin ne a jiki, ba jabu ba ne, amma yadin ya fi sirara, zif da maɓalli masu sauƙi ne, shafin ciki wani lokaci babu. Yadda za ka gane: in ka ga samfuri ɗaya an cika kanta da shi, kowane girma akwai, kowane launi akwai, to ba ragowa ba ne. Ka juya rigar ka duba ɗinki, ka karanta kashin auduga da na roba a jikin ƙyallen ciki. Sannan ka lissafa kuɗin zuwa da dawowa da yini guda da za ka kashe. In abu biyu za ka saya, ba ta biya ba.

Malam Akanta:
Salamu alaikum. Ku ba ni dama in shigo ta wajen kuɗi, don nan ne aka fi tafka asara ba a sani ba.

Na farko, farashin da ke jikin kaya. A Turai da Dubai da Turkiyya haraji na cikin abin da aka rubuta. A Amurka kuwa sai ka je biya ake ƙara shi, kuma kowace jiha da nata. A birnin New York kashi 8.875 cikin ɗari ne, amma tufafi da takalmin da bai kai dala 110 ba an yafe masa. Jihar Minnesota, inda Mall of America yake, ba ta karɓar haraji a kan tufafi.

Na biyu, mayar wa baƙo harajin saye, wato VAT. Mutane na jin kashi 20 a Faransa sai su ɗauka kashi 20 na abin da suka biya za a ba su. A'a. Abin yuro 120, harajinsa yuro 20 ne, wato kashi 16.7 na kuɗin da ka miƙa. Kamfanin da ke tsakiya ya cire ladansa, abin da zai iso hannunka ya koma wajen kashi 10 zuwa 12. Sharuɗɗan su ne: ka kashe fiye da yuro 100 a shago ɗaya, ka nuna fasfo a cike maka takarda a shagon, ka fitar da kayan cikin wata uku, a tantance takardar a filin jirgin ƙarshe da za ka bar Tarayyar Turai daga shi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a auna jaka a tura ta ciki, sannan a je wajen kwastan su ce a nuna kaya. Babu kaya, babu hatimi. A Daular Larabawa harajin kashi 5 ne tun 2018, mafi ƙarancin saye dirhami 250. Ka lissafa, harajin dirhami 250 bai kai dirhami 12 ba, kafin ma a cire lada. Sai a kan zinare ko waya ko agogo ne layin ke biyan wahalarsa. A Tailan kashi 7 ne, sai ka kashe baht 2,000 a shago ɗaya rana ɗaya. Landan kuwa an soke tsarin tun Janairun 2021, kada wani ya yi lissafi da shi.

Na uku, na'urar biyan kuɗi da kati. In ta tambaye ka ko a cire da kuɗin ƙasarku ko da na ƙasar da kake, zaɓi na ƙasar da kake. In ka zaɓi naku, kamfanin na'urar ne zai yi canjin da farashinsa, kuma kusan kullum ya fi na bankinka tsada. Wasu masu shago na danna maka ba tare da tambaya ba, don haka a dubi allon kafin a sa lambar sirri.

Hajiya Babba:
Malam Akanta ka biya mu. Wannan na uku kam mutane da yawa ba su san shi ba.

Ni zinare zan taɓa, tunda kowane babban mol na da layin masu gwal. Kuɗin sarƙa kashi biyu ne: nauyi a farashin giram na ranar, da kuɗin ƙira. Farashin giram ba a ciniki a kansa, a Dubai ma a allo ake nuna shi. Kuɗin ƙira shi ake tayawa, kuma shi ne ya fi yawa a shagunan mol. A nemi a raba su a rasit, a rubuta nauyi da karat. A duba hatimin jikin sarƙar, yawanci kusa da maƙulli: 916 karat 22 ke nan, 875 karat 21, 750 karat 18. In akwai duwatsu a jiki a tambaya ko an cire nauyinsu, don ranar sayarwa ba za a biya ki kuɗin dutse ba, kuɗin ƙira ma ya tafi.

Sai takalman saƙo. Lamba 42 ta Turai kusan 8 ce ta Ingila, 9 ta mazan Amurka, amma kamfani da kamfani na saɓawa. A sa mai saƙo ya taka takarda a zana ƙafarsa, a auna daga dunduniya zuwa babban yatsa da santimita. Yawancin takalman wasanni na rubuta santimita a ƙarƙashin harshensu. Mai saya wa kansa ya gwada da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ya gwada duka biyun.

Mai Gyaran Waya:
Hajiya sannu da ƙoƙari. Kayan lantarki su ne suka fi dawowa da kuka, bari in faɗi dalili.

Wutar Amurka da Kanada bolt 120 ce, ta Japan 100, mafi yawan sauran duniya 220 zuwa 240. Cajar waya da ta kwamfuta galibi an rubuta 100 zuwa 240 a jikinsu, babu matsala, kan filogi kawai za a canza. Amma na'urar markaɗe, da dutsen guga, da abin busar da gashi da aka rubuta 120 kaɗai, ana jona su a 230 za su ƙone nan take. Ɗan abin canza kan filogi ba ya rage ƙarfin wuta, siffar ƙafafu kawai yake canzawa.

Waya kuma a duba kasuwar da aka yi ta dominta. iPhone da ake sayarwa a Amurka, daga 14 zuwa sama, ba ta da ramin sim, sai na cikin manhaja. Wayoyin Android da aka yi don cikin ƙasar Sin yawanci ba sa zuwa da manhajojin Google. Garanti ma sau da yawa na yanki ne, in ka fita da ita ba za a gyara maka kyauta ba. A wurare irin su Low Yat a Kuala Lumpur, ko MBK, ko Huaqiangbei a Shenzhen, inda ƙananan teburori ɗaruruwa ke gini ɗaya, sabuwa da gyararriya a haɗe suke. A buɗe kwali a gabanka, a danna *#06#, lambar IMEI da ta fito ta dace da ta jikin kwali da ta rasit. A gwada kyamara, da sifika, da caji, a sa sim a kira. Kada a bari a shiga da wayar ciki da sunan za a liƙa mata gilas bayan an gama gwaji, nan ake musanya.

Maman Khalifa:
Masu zuwa da yara, a kula da matattakalar lantarki. Haɗarin na gefe ne, tsakanin taki da bango, da kuma haƙoran da ke bakin sauka. Takalmin roba mai laushi, igiyar takalmi, da gefen doguwar riga su ake kamawa. Yaro ya tsaya a tsakiya, babba ya riƙe hannunsa, a tattare tufafi. Jan maɓallin tsayarwa na nan a sama da ƙasa, a lura da inda yake. Keken jariri lif ake bi da shi. A rubuta lambar waya a sa a aljihun yaro, a nuna masa kalar kayan masu gadi, a ce in ya rasa ku ya tsaya inda yake. Teburin tambaya ne ke sanarwa, can kuma ake tambayar ɗakin shayarwa, da masallaci in akwai, da aron keken marasa ƙarfi.

Injiniya:
Ƙari kaɗan a kan tsaro. In ƙararrawar gobara ta kaɗa, jama'a kan ruga ƙofar da suka shigo ta ita, ko da tana da nisa, nan cunkoso ke kashe mutane. Ƙofofin gaggawa na cikin lungunan da ke tsakanin shaguna, sau da yawa hanyar banɗaki, da alama mai haske a samansu. Ba a shiga lif. A Istanbul da Nairobi da Alƙahira ana binciken jaka a bakin ƙofa, don haka kada a zo da ƙatuwar akwati ana sa ran wucewa da sauri.

Abban Sadiya:
Allah ya ƙara ilimi, an gama mini komai. Saura ɗaya: lokacin rangwame gaskiya ne ko talla ce? Sannan kayan in sun taru, yaya ake yi da jirgi?

Malam Akanta:
Akwai na gaske. A Faransa hukuma ce ke sa ranakun, sau biyu a shekara, Janairu da ƙarshen Yuni, mako huɗu kowanne. Bikin sayayya na Dubai, wanda aka fara a 1996, yana kamawa daga Disamba zuwa Janairu. Amurka na da Juma'ar ƙarshen Nuwamba. A Tarayyar Turai doka ta ce farashin da aka soke ya zama mafi ƙanƙantar da aka sayar da abin cikin kwana 30 da suka wuce. Inda babu irin wannan doka, ana iya ɗaga farashi a sauke shi a kira shi ragi. Kuma “har zuwa kashi 70” na nufin wataƙila kanta ɗaya ce a lungu ta kai 70. Makon farko akwai zaɓi, ragi kaɗan. Makon ƙarshe ragi da yawa, sai dai manya-manya da ƙanana ne suka rage.

Ɗan Tireda:
Batun jirgi, a duba tikiti tun kafin saye. Yawancin kamfanoni kilo 23 ne kowace jaka a ƙaramin aji, kuma jaka ɗaya ba ta wuce kilo 32 ko da ka biya ƙari, sai an raba ta. Sayen ƙarin kilo ta intanet kafin ranar tafiya ya fi sauƙi a kan biya a filin jirgi. Ɗan sikelin rataya na hannu ya wadatar a auna a masauki. A yar da kwalayen takalmi, a cusa safa a cikinsu, amma kwalin waya da rasit su zauna a jakar hannu saboda masu tantance haraji. Turaren da ya wuce mililita 100 babbar jaka zai shiga, a naɗe shi a leda a tsakiyar tufafi.

Mai Gyaran Waya:
Fawa bank kuma akasin turare ne, jakar hannu kawai, ba a tura shi ciki. Iyakar da ba ta buƙatar izini 100Wh ce. Lissafin: adadin mAh da aka rubuta a jikinsa sau 3.7, a raba da 1,000. Mai 20,000 ya zama 74, bai kai iyakar ba. Mai 27,000 yana bakin iyaka. Mai 30,000 ya kai 111, sai da amincewar kamfanin jirgin. Wanda rubutun jikinsa ya goge ko babu shi sam, ana iya karɓe shi a wajen bincike, don haka a duba rubutun tun a shago kafin a biya.